Ƙungiyoyin kare muhalli da dokar daji: abin da ya faru a Maraɗi da Kuros Riba

Ƙanena, ka tambaye ni ko ƙungiyoyin kare muhalli suna da wani tasiri na gaske a kan dokokin daji da manufofin gwamnati, ko kuwa aikinsu bai wuce taro a otal da dasa 'yan bishiyoyi a gaban kyamara ba. Ka ce kana karatun gandun daji, kuma muhawarar ta raba ajinku biyu. Na ji daɗin tambayar, don na yi shekaru ina kai da komo tsakanin ofishin daji da gonakin mutane, kuma maganar ta daɗe tana yi mini yawo a rai.

Suna da tasiri, wani lokaci ma babba. Amma na lura ba duk nasarorinsu ne ke yin ƙarko ba. Dokar da ƙungiya ta samo bayan ta haɗa kai da mutanen da ke ci daga dajin, ita ce ke zama da gindinta. Wadda kuwa aka samo ta hanyar shawo kan gwamna shi kaɗai, tun yana kan kujera take fara yoyo, ranar da ya sauka kuma ta bi shi. Zan kai ka wurare biyu ka gani, Maraɗi a Jamhuriyar Nijar da Kuros Riba a kudancin Najeriya.

Mu fara da Maraɗi, tun da nan gida ne. Dokar da Faransa ta kafa a 1935 a ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma ta mayar da daji na hukuma, Nijar kuma ta ci gaba a kan wannan turba da dokarta ta 1974. Akwai jerin itatuwan da aka kare, gawo na cikinsu, waɗanda ko a tsakiyar gonarka suka fito ba ka da ikon sare su ko datse musu reshe sai da takardar izini. Wanda ya rubuta dokar alheri ya nufa, so yake ya tsare itace. Amma sa kanka a matsayin manomi. Ɗan gawo ya tsiro a gonarka. In ka bar shi ya girma ya zama na gwamnati, kuma ranar da wani ya lallaɓo da dare ya sare masa reshe don awakinsa, kai malamin daji zai kama ya ci ka tara. Me za ka yi? Tun yana ƙarami za ka bi shi da fartanya, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ga kuma malaman gona na wancan lokaci suna koya wa mutane cewa manomin kirki shi ne mai gona fes, ba kututture ba tsiro. Da farin shekarun 1970 ya zo, na 1984 ya biyo baya, ƙasa ta zama tsirara. Iska ta kwaso yashi ta binne shuka, mutum ya shuka gero sau uku ko huɗu a damina ɗaya, mata su wuni suna yawon neman itacen girki, in ba su samu ba su ƙona kara da kashin shanu, takin da ya kamata ya koma gona.

An zuba kuɗi masu yawa a wuraren rainon dashe. A kawo turare da dogon yaro a leda, a dasa, a kewaye, a yi ta ban ruwa, amma mafi yawansu ba sa ganin damina ta biyu. Cikin masu wannan wahala akwai Tony Rinaudo, masanin aikin gona ɗan Ostireliya da ke aiki da ƙungiyar mishan ta SIM a Maraɗi. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin ranar da ya tsaya a hanya a 1983 don ya rage wa tayoyin motarsa iska saboda yashi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan dunƙulen ganye irin wanda kowa ke wucewa bai kula ba. Da ya duba ganyen da kyau sai ya gane itace ne da aka sare tun da daɗewa. Kututturen na raye, saiwoyin sun yi nisa a ƙasa, kowace shekara yana tohowa, kowace shekara kuma ana sassabe shi a ƙone. Irinsa kuwa miliyoyi ne a gonakin yankin.

Aikin da ya biyo baya ba shi da wuya, kuma ina so wata rana ka gan shi a hannun manomi. Mutum zai tsuguna gaban kututturen sabara ko kalgo ko taramniya da ya fitar da tofo ashirin ko talatin. Ya duba, ya zaɓi uku zuwa biyar da suka fi miƙewa da kauri, sauran ya cire su da adda mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Waɗanda ya bari ya rage musu ƙananan rassa har wajen rabin tsayinsu. Wani ma sai ya ɗaura jan tsumma, alamar wannan yana da mai shi. Da yake saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga laima, tofon yakan tashi da saurin da dashe ba zai kamo shi ba. Hausawan can suka raɗa wa aikin suna sassabin zamani.

A yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, mutane suka bar itatuwa kusan dubu 500 a gonakinsu. Da rabon ya ƙare, kimanin kashi biyu cikin uku aka sare. Ba laifinsu ba ne, don har lokacin itacen ba nasu ba ne. Nan ne maganarka ta doka ta shigo. Ma'aikatan shirin suka je wurin shugabannin gandun daji na jihar Maraɗi suka roƙi a sassauta: wanda ya reni itace a gonarsa, a bar shi ya amfana da shi ba tare da tara ba. Aka amince a yankin da shirin ke aiki. Ko harafi ɗaya ba a taɓa ba a dokar da ke Yamai, abin da ya sauya shi ne yadda malamin daji ke mu'amala da manomi a ƙauye. A wurina wannan sassauci ya fi dabarar sassaben kanta nauyi, domin manomi ya san itace tun kafin kowa ya zo, abin da ya rasa shi ne tabbacin cewa gumin da ya yi ba wani ne zai ci ba.

Gaskiya ta wajaba a nan. SIM ba ƙungiyar muhalli ba ce a asalinta, kuma ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Ƙungiyar agaji ta CARE ta fara dasa shingen tare iska a kwarin Majiya da ke jihar Tawa tun 1975. Gwamnatin Seyni Kountché da kanta ta kira babban taron yaƙi da hamada a Maraɗi a watan Mayun 1984. Bayan rasuwarsa a 1987 aljihun gwamnati ya yi sanyi, malaman daji suka rage shiga ƙauyuka, mutane suka fara ɗaukar itacen gona a matsayin nasu ko ba a faɗa ba. A ƙasar Damagaram, wajen Mirriya da Magariya da Matamaye, manoma da kansu suka cika gonaki da gawo, wannan itace mai albarka da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi kore da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. A Ɗan Saga da ke yankin Agiye, da tallafin asusun raya noma na IFAD, ƙauyuka suka kafa kwamitocin tsaron itace da suka haɗa da mata da Fulani makiyaya, suka yanka wa ɓarawon itace tara da kansu.

To sai doka ta biyo sawun mutane a hankali. Tsarin dokar karkara na 1993 ya buɗe ƙofa, sabuwar dokar daji ta 2004 ta ƙara, sannan a ƙarshen watan Yulin 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta amince cewa wanda ya reni itace a gonarsa yana da haƙƙin cin moriyarsa. Ka lissafa, shekara 36 ke nan daga wancan sassauci na Maraɗi. Abin da ya taimaka wajen shawo kan Yamai shi ne hujja. Masu bincike irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan suka ɗauko tsofaffin hotunan jirgin sama suka kwatanta da na tauraron ɗan'adam, suka bi ƙauyuka da ƙafa, suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Ƙungiyoyi suka ɗauki waɗannan alƙaluma suka yi ta kai su gaban ministoci da masu ba da tallafi har aka saurara.

Yanzu mu gangara Kuros Riba, inda aka fi jin amon ƙungiyoyi. Jihar ce ke riƙe da kusan rabin abin da ya rage wa Najeriya na kurmi mai duhu, kuma a tsaunukan iyakarta da Kamaru ne ake samun wani nau'in gwaggon biri da bai wuce ɗari uku ba a duk duniya. Ƙungiyar kare namun daji ta duniya, WWF, na cikin waɗanda suka tsara gandun dajin ƙasa na Kuros Riba da aka kafa a 1991. Daga baya ƙungiyoyin cikin gida suka haɗu suka yi ta fafatawa da wani katafaren kamfanin katako na 'yan Hong Kong, har Gwamna Donald Duke ya rufe aikinsa a 2004. Ɗaya daga cikin jagororin gwagwarmayar, Odigha Odigha, ya samu lambar yabo ta Goldman, wadda ake ba masu kare muhalli, a 2003, kuma daga baya shi aka naɗa shugaban hukumar gandun daji ta jihar. Ka ga ɗan ƙungiya ya shiga ofis ya riƙe alƙalami, wannan ma hanya ce ta tasiri.

A 2008 Gwamna Liyel Imoke ya hana saran katako a jihar baki ɗaya, da fatan samun kuɗin da ƙasashen duniya ke alkawarin biyan wanda ya bar dajinsa a tsaye, shirin da ake kira REDD+. Masu kare muhalli sun yi murna, ni ma a lokacin na yi. Amma me ya biyo baya? Kason da ƙauyuka ke samu daga katakon da aka sara bisa ƙa'ida ya tsaya. Kuɗin da aka yi alkawari bai iso hannun talaka yadda aka zata ba. Jami'an da aka kafa don tsaro suka riƙa kama ƙananan mutane, manyan motocin katako kuwa ba su daina fita da dare ba. Mutumin ƙauye da a da yake tare baƙon da ya shigo da injin yanka, don ya san yana da rabo a dajin, sai ya naɗe hannu, wani ma ya zama ɗan jagora. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna dajin bai daina raguwa ba a shekarun hanin. A 2023 Gwamna Bassey Otu ya ɗage shi. Shekara 15 ana riƙe da doka mai daɗin ji, wadda ta yi wa mazauna kurmi abin da dokar 1974 ta yi wa manomin Maraɗi.

Amma a wannan jiha dai aka yi wata nasara da nake so ka nazarta da kyau. A 2015 Gwamna Ben Ayade ya fito da shirin gina babbar hanya mai layi shida, kilomita 260, daga gaɓar teku zuwa iyakar Binuwai. Shugaba Buhari ya aza harsashinta a watan Oktoba na wannan shekarar. A watan Janairun 2016 gwamnatin jihar ta fitar da sanarwar ƙwace filaye kilomita 10 dama, kilomita 10 hagu, a duk tsawon hanyar. Ka yi lissafin da kanka: faɗin kilomita 20 sau 260, murabba'in kilomita dubu biyar da ɗari biyu ke nan, da garuruwa sama da 180 a ciki. Hanya ba ta bukatar wannan faɗin, kowa ya san katakon da ke ciki shi ne abin kallo.

Cikin waɗanda abin zai shafa akwai mutanen Ekuri, ƙauyuka biyu da ke riƙe da daji mai faɗin hekta 33,600. Tun 1992 suka kafa ƙungiyarsu ta kula da shi, sun ƙi sayar wa kamfanonin katako duk da an yi musu tayin hanya, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama su a 2004. Da motocin rusau suka iso, maza da mata suka fito suka ce ba za a shiga ba. Ƙungiyoyi suka zo suka tarar da mutane a tsaye, sai kowa ya kawo abin da yake da shi. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta kawo taswirori da bayanan namun daji. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, wadda ke aiki tun 1980, ta kawo sanayyarta da ma'aikatun Abuja. Ƙananan ƙungiyoyin Kalaba suka bi ƙauye ƙauye suna karanta wa mutane sanarwar. Na ƙasashen waje suka yayata maganar, aka tara sa hannun mutane sama da dubu 250 aka miƙa wa gwamnatin tarayya.

Makaminsu mafi kaifi kuwa tsohuwar doka ce da ke nan kwance tun 1992, wadda ta ce ba a fara babban aiki sai an binciki illarsa ga muhalli kuma Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta amince. Ma'aikatar ta ba da umarnin dakatar da aiki a 2016. Duk rahoton da jihar ta kawo, masanan ƙungiyoyin su zauna su bi shi shafi shafi, su fito da kurakuransa, har da sunayen dabbobin da ba sa rayuwa a yankin, a mayar da shi. A watan Fabrairun 2017 jihar ta janye ƙwacen kilomita 20 ɗin, daga baya kuma ta yarda a karkatar da hanyar daga gandun ƙasa da dajin Ekuri. Amincewar da aka bayar daga baya ta zo da sharuɗɗa 23. An yi ɓarna a inda aka riga aka share, hanyar kuma ba a kammala ta ba, amma dajin Ekuri bai koma hannun gwamnati ba. Ni dai ban yarda sa hannun mutanen Turai kaɗai zai iya wannan ba. Da mutanen Ekuri sun karɓi kuɗi sun buɗe hanya, da ƙungiyoyin ba su da wanda za su yi magana da sunansa.

Akwai wata hanya ta uku da zan taɓa a gurguje, ita ce ta toshe kasuwa daga waje. Ka san madobiya, wadda 'yan katako a Taraba ke kira madrid. Da kasuwarta ta buɗe a ƙasar Sin, cikin 'yan shekaru aka yi mata kaca-kaca daga Kogi har Taraba da Adamawa. An sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ke sa wa ido daga farkon 2017, kuma a ƙarshen wannan shekarar ƙungiyar bincike ta EIA mai ofis a Amurka ta fitar da rahoton da ya yi zargin an fitar da gungume miliyan 1.4 ba bisa ƙa'ida ba, na kimanin dala miliyan 300. A 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. Rahoto guda ya motsa hukumar duniya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai lokacin da hanin ya zo manyan itatuwan sun riga sun tafi, kuma makiyayin da ke dogaro da ganyen madobiya don shanunsa a ƙarshen rani ba wanda ya tambaye shi komai, ba lokacin sara ba, ba lokacin hani ba.

Wani abu da ke damuna game da ƙungiyoyin shi ne sukan bi inda kuɗin tallafi yake, kuɗin kuma yakan bi kurmi mai gwaggon biri da giwa. Dazuzzukanmu na arewa, Rugu da Kamuku da Kuyambana da Falgore, ba su samu masu tsaya musu irin haka ba. An bar su ba ma'aikata ba kayan aiki, mazauna gefensu ba su da ta cewa a kansu, har wasunsu suka zama mafakar 'yan bindiga. An yi ƙoƙari a dausayin Haɗejiya da Nguru tun ƙarshen shekarun 1980, akwai kuma hukumar Babbar Katangar Bishiyoyi da ke aiki a jihohi 11, amma har yau mafi yawan abin da muke kira kare muhalli a arewa rabon dashe ne a farkon damina. Masu binciken da na ambata sun kwatanta ɓangarori biyu na iyaka, suka ga gonakin Nijar sun fi na Najeriya yawan itace, alhali mu muka fi su ruwan sama, kuma mutanen ɗaya ne, harshe ɗaya, dangi ɗaya.

In za ka yi bincikenka a kan wannan, ka tuna a Najeriya daji na hannun jihohi ne. Tarayya tana da manufar daji ta ƙasa, ta 2006 da aka sabunta a 2020, tana kuma riƙe da gandayen ƙasa, amma takardar izinin sara da tara da kason ƙauye duk a jiha ake yanke su, kuma dokokin jihohi da dama gado ne daga zamanin Turawa. Saboda haka ka je ma'aikatar muhalli ta jiharku ka nemi dokar daji ka karanta da kanka. Ka duba abin da ta ce game da gawo ko ɗorawa ko kaɗanya da manomi ya rena a gonarsa. Daga nan ka tafi ƙauye ka zauna da manoma da makiyaya da matan da ke tsintar itace, ka tambaye su wa suke ganin ya mallaki itacen, kuma wa suke tsoro in za su sare reshe. Sannan ka nemi ƙungiyoyin da ke aiki a jihar ka tambaye su ko sun taɓa kai wannan magana gaban kwamishina ko majalisar dokoki, da kuma su wa suka raka su ranar da suka je.